Takardar Izinin Bincike da Kanun Labari: Ina Iyakar Kowanne?

"Assalamu alaikum Barista. Ni mazaunin Agege ne. Yayana yana da sito na kayan masarufi, gidan da yake haya kuma yana bayan siton. Wata ranar Talata da hantsi jami'an tsaro suka zo da takarda, suka ce kotu ce ta ba su izinin neman katan-katan na madara da aka sace daga wata tirela. Sun caje sito ba su ga komai ba, sai suka zarce cikin gida, suka shiga ɗakin matarsa da ɗakunan 'yan haya biyu, suka tafi da wayoyinsa da littafin da yake rubuta bashi. Shi ma sun tafi da shi, amma da ya nuna rasit suka sallame shi da daddare. Washegari wani shafin labarai ya buga cewa, 'An bankaɗo maɓoyar ɓarayi a Agege, an cafke ɗan kasuwa', har da hoton ƙofar siton. Yanzu surukansa na Katsina sai bugo waya suke yi, masu ba shi kaya bashi kuma sun ja baya. Shin takardar kotu tana ba jami'i damar shiga ko'ina ya ɗauki komai? Kuma wannan kanun labarin, akwai abin da doka ta ce a kansa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kyauta, ya kuma mayar wa yayanka Alhaji da abin da ya rasa na mutunci da ciniki.

Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce iyakar ikon da takardar izinin bincike, wadda mutanenmu suka fi kira waranti, take bai wa jami'in da ke riƙe da ita. Ta biyu ita ce ko mai buga labari yana da damar mayar da cajen da aka yi wa mutum ya zama hukunci a kansa. A taƙaice, waranti izini ne na neman wani abu ayyananne a wani wuri ayyananne, kuma bai tabbatar da laifi a kan kowa ba. Jami'in da ya zarce wannan iyaka ya saɓa doka, editan da ya rubuta kanu kamar an gama shari'a shi ma ya faɗi abin da bai faru ba. Sai dai tsakanin abin da doka ta ce da abin da mutum zai iya karɓowa daga kotu akwai rata, kuma ba zan yi maka daɗin baki a kanta ba. Aikina ya haɗa ni da ɓangarorin biyu, domin ina tsaya wa 'yan kasuwa a kotunan majistare na Ogba da Yaba da Babbar Kotun Ikeja, na kuma taɓa yi wa wata jarida aikin duba labaran kotu kafin a buga su.

Daga ina ikon yake fitowa

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi ta hanyar doka, saboda tsaro ko zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu. Ke nan asalin lamari shi ne ƙofar mutum a rufe take ga hukuma, waranti kuwa togaciya ce da alƙali ya yi.

Wannan ƙa'ida ta samo tushe ne daga rigimar hukuma da marubuta. A Ingila, a watan Nuwamba na 1762, manzannin sarki suka fasa gidan wani marubuci mai suna John Entick da takardar da wani sakataren gwamnati, Lord Halifax, ya sa wa hannu, suka shafe sa'o'i huɗu suna birkita akwatunansa, suka kwashe takardunsa. Ya kai ƙara, kuma a 1765 alƙali Lord Camden ya yanke cewa jami'in gwamnati ba shi da ikon taka gidan mutum sai ya nuna dokar da ta ba shi wannan iko. Amurkawa sun sa darasin a gyara na huɗu na kundin tsarin mulkinsu a 1791, inda suka wajabta a fayyace wurin da za a bincika da abin da za a ɗauka. Mu ma daga wannan jijiyar dokarmu ta fito.

A Legas dokoki biyu ne suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Akwai dokar jiha ta gudanar da shari'ar laifuka, wadda aka fara yi a 2007, aka sabunta a 2011, aka kuma yi wa gyara a 2021. Akwai ta tarayya ta 2015, wadda aka fi sani da ACJA, mai aiki a Abuja da kuma laifukan da dokokin tarayya suka tanada. Satar kaya daga tirela galibi laifin jiha ne, don haka mai yiwuwa majistaren Legas ne ya ba da takardar a ƙarƙashin dokar jiha. A duka biyun hanyar ɗaya ce: jami'i ya kai bayani a rubuce, ya rantse a kansa, alƙali ko majistare ya gamsu cewa akwai dalili mai ma'ana na zaton cewa a wuri kaza akwai abin da aka aikata laifi a kansa, ko abin da zai zama shaida, ko abin da ake shirin aikata laifi da shi.

Ka lura da abin da babu a cikin wannan. Ba a kira mai wurin an ji ta bakinsa ba, ba a kuma ce shi ne ɓarawo ba. Ana iya ba da waranti a kan shagon mutumin da ya sayi kaya da rana tsaka da rasit ɗinsa, ko garejin da wani ya ajiye mota ya tafi, ba tare da ana zargin mai wurin da komai ba. Rantsuwar ɓangare ɗaya ce, wani lokaci ma tushenta tsegumin abokin hamayya ne a kasuwa.

Wuri, abu da lokaci

Takardar kanta ba ta da wani kwarjini. Galibi shafi ɗaya ne, fom da aka buga aka cike gurabensa da biro, da sunan kotu a sama, da hatimi da sa hannun majistare a ƙasa. A tsakiya akwai layuka biyu da duk rigimar take rataye a kansu: layin adireshi da layin abin da ake nema. Mai wuri yana da damar ya ce a nuna masa, kuma idan ba ya karanta Turanci ya kira wanda zai karanta masa kafin a fara. Yawancin waɗanda suka zo ofishina da irin wannan kuka, idan na tambaye su me aka rubuta a takardar, sai su ce sun dai ga hatimi. Jami'in ya ɗaga ta daga nesa, ya ninke, ya mayar aljihu.

Game da wuri, idan takardar ta ambaci siton kaɗai, shiga gidan da ke bayansa ya fita daga izinin. Idan kuwa ta ambaci lambar gida gaba ɗaya, sito da gidan kuma lambarsu ɗaya, to jami'ai suna da hujjar shiga ɓangaren da yayanka yake zaune. Ɗakunan 'yan haya magana ce daban. A gidajen haya irin namu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, inda iyalai goma za su haɗa ƙofar waje ɗaya da famfo ɗaya, kowane ɗaki gidan mai shi ne a idon sashe na 37. Zaton da aka yi wa mutum ɗaya ba ya buɗe ƙofar maƙwabcinsa, sai idan bayanin da aka rantse a kansa ya nuna dalilin zaton cewa an kai kayan can.

Kada ka ɗauki maganar adireshi da wasa. A ranar 29 ga Oktoba, 2021, wasu mutane ɗauke da waranti daga wata kotun majistare suka je gidan Mai Shari'a Mary Odili ta Kotun Ƙoli a Maitama, Abuja. Adireshin da ke takardar bai yi daidai da na gidanta ba, majistaren da ya ba da ita ya soke ta yana cewa an yaudare shi, daga baya kuma aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda suka je. Idan haka za ta iya faruwa da alƙaliyar Kotun Ƙoli, ɗan kasuwa bai yi rashin kunya ba don ya ce bari ya karanta.

Game da abin da ake nema, girmansa shi ne yake iyakance inda za a duba. Wanda aka aiko neman katan-katan na madara yana da hujjar leƙa ƙarƙashin gado ko bayan buhuna, amma ba shi da abin yi a cikin jakar hannun mace ko durowar madubi. Sai dai masu rubuta buƙatar waranti sun san wannan, shi ya sa sukan ƙara jimla a ƙarshe cewa "da duk wani abu da ya shafi laifin". Idan akwai irin wannan jimla, littafin bashi zai iya shiga ciki, domin za a ce a nan za a ga wanda ya kawo kaya da wanda ya saya. Ni ina ganin bai kamata majistare ya riƙa sa hannu a kan jimla mai faɗi haka ba, don ta kusa mayar da mu zamanin Entick, amma ana sa wa. Haka kuma idan jami'i yana neman madara ya ci karo da bindiga ko ƙwaya a inda yake da izinin dubawa, kotuna sun yarda ya ɗauka. Doka ba ta ce ya rufe ido ba.

Waya ita ce inda aka fi cin zarafin mutane a yau. An rubuta dokokinmu na caje ne ana tunanin gini da jirgi da mota da akwati, alhali wayar ɗan kasuwa tana ɗauke da asusun bankinsa da hotunan iyalinsa da hirarrakinsa na shekaru. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 45, ta tanadi cewa jami'in da ke neman shaidar da ke cikin na'ura ya nemi waranti daga alƙali. A watan Oktoba na 2020 ma Sufeto Janar na 'yan sanda ya fito fili ya hana jami'ansa buɗe wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai. Kotun Ƙolin Amurka ta kai ga yanke cewa, a 2014, ko wanda aka kama ba a buɗe wayarsa sai da izinin kotu na musamman. Abin da nake kafa hujja da shi a kotu shi ne, ɗaukar waya daban, karanta abin da ke cikinta daban, kuma takardar neman madara ba ta isa ko ɗaya daga ciki ba sai in an ambaci wayar ko bayanan ciniki a cikinta.

Lokaci bai shafe ku ba tunda da hantsi suka zo. Dokar Legas ta ce a yi caje tsakanin ƙarfe 5 na asuba da 8 na dare sai in kotu ta ba da izinin wani lokaci, ita kuwa ACJA a sashe na 148 ta ce kowane lokaci, kowace rana, abin da aka yi ta muhawara a kansa bayan jami'an DSS sun shiga gidajen wasu alƙalai cikin dare a Oktoban 2016.

Ɗakin matar Alhaji kuwa, ACJA ta ɗauko wani tanadi daga tsohuwar dokar Arewa, a sashe na 149, cewa idan wurin na mace ne wadda bisa al'ada ko addini ba ta fita bainar jama'a, dole a sanar da ita, a ba ta damar kimtsawa ta fita kafin a shiga. Wannan sashen ne kuma ya ce a yi caje a gaban shaidu biyu, a rubuta jerin abin da aka ɗauka a sa hannu. Cajen jiki kuma mace ce take yi wa mace. Ko da takardar ta jiha ce, waɗannan su ne ma'aunin aiki na gari, kuma lauya zai kafa hujja da su. Akwai kuma tsohuwar al'adar aiki da ake koyarwa, cewa jami'ai su bari mai gida ya duba jikinsu kafin su shiga, don kada gobe a ce su suka jefa abin da aka samu.

Tafiya da yayanka da suka yi, waranti na caje ba ya ba da ikon kama mai wuri sai in an samu abin da ake nema kuma kotu ta rubuta a jikin takardar cewa a kama shi. Amma gaskiya ɗaya ce, jami'i yana da wani iko na daban na kama mutum ba tare da takarda ba idan yana da zato mai ma'ana, kuma da wannan za su kare kansu. Tambayar da alƙali zai yi ita ce, bayan an caje sito ba a ga komai ba, mene ne ya rage na zato? Sallamarsa a daren ya sa ba a keta wa'adin sashe na 35 na kundin tsarin mulki ba, wanda ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon mutanenmu su kiyaye. Mai gaskiya, saboda ya san bai ɓoye komai ba, kuma saboda kunya da gudun a ce yana jayayya da hukuma, yakan ce, "Ku shiga ko'ina ku duba, Allah ya sani ba ni da abin ɓoyewa." Da wannan maganar ya faɗaɗa musu izinin da bakinsa, kuma jami'in zai maimaita ta a gaban alƙali. Ka tambayi Alhaji ko ya faɗi irin haka. Ko ya faɗa, yardarsa ba ta kai ga ɗakin ɗan haya ba, domin ba nasa ba ne. Abin da ya fi shi ne mutum ya ce cikin ladabi bai amince a wuce abin da takarda ta ce ba, amma kada ya tare ƙofa ko ya ɗaga hannu, don hana jami'i aiki laifi ne mai zaman kansa. A sani kuma dokokin wasu hukumomi, irin su NDLEA da Kwastan, sun ba jami'ansu ikon shiga ba tare da takardar kotu ba a wasu yanayi, haka ma idan ana bin sawun wanda ake nema ya faɗa cikin gida.

Idan sun wuce iyaka, me zai biyo baya

A nan ne ake cewa shari'a saɓanin hankali. Mutane da yawa sun ɗauka idan caje ya saɓa doka, duk abin da aka samu ya zube. Wannan ƙa'idar Amurka ce, wadda Kotun Ƙolinsu ta shimfiɗa wa dukkan jihohi a 1961. A Najeriya, tun shari'ar Musa Sadau ta 1968, Kotun Ƙoli ta tafi a kan cewa shaida idan ta shafi batun ana karɓarta ko da hanyar samunta ba ta da tsabta. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 14 da 15, ta ɗan gyara: ana karɓa, sai in alƙali ya ga illar karɓar ta fi amfaninta, bayan ya auna muhimmancin shaidar da girman laifin da girman saɓa dokar da kuma ko da gangan aka yi. A aikace ba kasafai ake watsar da shaida ta wannan hanya ba, kuma a ganina wannan na daga cikin dalilan da suka sa jami'ai ba sa jin tsoron zarce layin adireshi.

Abin da ya rage wa wanda aka zalunta shi ne ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotu, bisa ƙa'idojin 2009, inda zai nemi a bayyana cajen a matsayin haramtacce, a mayar masa da kayansa, a biya shi diyya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ma tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya kai ƙarya da mugun nufi har aka ba da waranti, shi ma ana iya ƙararsa. Ana cin irin waɗannan shari'o'i, amma samun hukunci daban, karɓo kuɗin daga hukumar gwamnati daban, kuma na biyun yakan fi na farkon wahala.

Shi ya sa nake ba jerin kaya muhimmanci fiye da komai. Wani mai sayar da kayan gwari ya taɓa zuwa mini da shafin littafin makaranta da aka yago, wanda yaron shagonsa ya rubuta a tsaye lokacin da ake loda kayansu a mota: waya biyu da launinsu, littafi mai baƙin bango, kuɗi kaza a leda. Yaron ya nace har jami'in ya sa hannu a ƙasa da lambarsa. Da wannan ɗan shafin, da wasiƙa guda, muka karɓo komai ba tare da mun shiga kotu ba. Inda babu jeri kuwa, magana takan koma "ba mu ɗauka ba" da "kun ɗauka".

Kanun labarin

Tsakanin a binciki mutum da a same shi da laifi akwai matakai, kuma kowanne gaskiya ce ta daban: an caje wurinsa, an kama shi, an gurfanar da shi, an yanke masa hukunci. Aikin kanu shi ne ya tsaya a matakin da aka kai. Kotunan Ingila, waɗanda alƙalanmu suke yawan duba hukunce-hukuncensu a shari'ar ɓata suna, sun daɗe da rarrabe wannan. A shari'ar Lewis da jaridar Daily Telegraph ta 1964, inda aka buga cewa 'yan sanda suna binciken wani kamfani, an yanke cewa mai karatu mai hankali ba ya ɗaukar "ana bincike" a matsayin "ya yi zamba". Hukuncin ya kare jaridar da ta tsaya a kan abin da ya faru, kuma da shi ake auna wadda ta zarce.

Auna naku da wannan ma'auni. "An bankaɗo maɓoyar ɓarayi" ya tabbatar da abu uku: akwai ɓarayi, a nan suke fakewa, kuma an gano hakan. Bisa bayaninka babu ko ɗaya da ya tabbata. Rabi na biyu, "an cafke ɗan kasuwa", yana da ƙafar tsayawa, domin mutumin da aka tafi da shi ba da zaɓinsa ba an kama shi a idon doka ko da an kira abin gayyata; amma buga shi washegari ba tare da faɗin an sallame shi ba ɓoye rabin gaskiya ne. Kanun da ya dace shi ne, "An caje wani sito a Agege kan satar madara, ba a samu komai ba". Na san abin da edita zai ce, wa zai danna wannan?

Yadda ake kaiwa ga irin wannan kanu ba asiri ba ne. Wanda ya rubuta labari sau da yawa ba shi ne yake rubuta kanunsa ba. A ɗakin labaran da na yi aiki, da yamma idan lokaci ya ƙure, za ka ga mai tsara shafi yana rage kalmomi don kanu ya shiga layi biyu, kuma abin da yake fara sharewa shi ne "ana zargin", saboda ita ce ba ta da armashi. A intanet babu matsalar fili, amma akwai gaggawa da neman dannawa. Ga kuma dogaro da sanarwar hukuma, wadda ita ma tallar aikinta take yi. Sannan shafukan Hausa da yawa ba su da wakili a wurin. Labarin Turanci suke ɗauka su juya, wani ya kwafa daga gare su ya ƙara gishiri, kafin ya isa WhatsApp na surukai a Katsina ya zama hoton allo mai layi ɗaya.

Manyan labarai ma ba su tsira ba. A daren da aka je gidan Mai Shari'a Odili, rahotannin farko da dama sun ce EFCC ce, hukumar ta fito ta musanta. A Afrilun 2017, da EFCC ta gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida na Osborne Towers a Ikoyi, an yi kwanaki ana liƙa kuɗin ga mutane daban-daban a kanun labarai, kafin hukumar leƙen asiri ta NIA ta ce nata ne, Babbar Kotun Tarayya ta Legas kuma ta mallaka wa gwamnati su a watan Yuni. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun wajabta sahihanci da adalci da gaggauta gyara kuskure da ba wanda aka taɓa damar mayar da martani. Gyaran dokar Legas na 2021 ya hana 'yan sanda baje kolin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida, saboda wannan illar dai, wato hukunta mutum kafin kotu ta gan shi, alhali sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce ba shi da laifi sai an tabbatar.

To, za a ci shari'ar ɓata suna? Rashin ambaton sunan Alhaji ba zai cece su ba. Idan waɗanda suka san shi sun gane shi daga hoton ƙofar siton, an ayyana shi, kuma kiran surukai da janyewar masu ba da kaya shaida ne. Cewa "wani ne ya faɗa mana" ma ba kariya ba ce, don mai maimaita ƙazafi yana ɗaukar nauyinsa, ko da yake rahoto na adalci a kan zaman kotu ko sanarwar hukuma yana da wata kariya. Inda gizo yake saƙa shi ne wata ƙa'ida da kotun ƙoli ta Ingila ta jaddada a shari'ar Charleston ta 1995, cewa ba a ɗaukar kanu shi kaɗai, sai a karanta shi tare da gangar jikin labarin. Idan jikin ya warware abin da kanu ya ƙulla, ƙara takan faɗi. Lauyan jaridar zai kawo wannan. Ni ban gamsu da dacewarta da zamanin waya ba, inda mafi yawan abin da yake yawo kanu ne da hoto, amma dole ka je ka karanta labarin har ƙarshe. Idan a sakin layi na biyar an ce ba a samu komai ba kuma an sallame shi, ƙararku ta yi rauni. Idan jikin ya maimaita kanun, ta yi ƙarfi. A Ingila an buɗe wata ƙofar ta daban, ta haƙƙin sirri: a 2018 kotu ta umarci a biya mawaƙi Cliff Richard fam 210,000 saboda BBC ta yaɗa cajen gidansa na 2014, alhali ba a taɓa kama shi ko tuhumarsa ba. Lauya mai himma zai iya gwada irin wannan hujja a nan da sashe na 37.

Abin da nake ba ku shawara

Ku fara da adana shaida tun kafin a goge: hoton shafin da kwanan wata da adireshinsa na intanet, sunayen waɗanda suka ga cajen, da jerin abin da aka ɗauka gwargwadon yadda Alhaji ya tuna. Sannan lauya ya nemi kofen warantin da bayanin rantsuwar daga rajistarar kotun da ta bayar, ya kuma rubuta wa ofishin da ya yi aikin yana neman wayoyi da littafi. Tsarin mulki ya yarda a riƙe kaya na ɗan lokaci don bincike, bai yarda a riƙe su ba iyaka ba, musamman ga wanda ba a tuhuma.

Wasiƙa ta biyu ta tafi ga masu shafin, kuma kada a tsaya a kan su goge labarin kawai. Gogewa tana barin hoton allon yana yawo ba tare da abin da zai ƙaryata shi ba. A nemi su gyara kanun, su buga gyaran a inda suka buga na farko, su faɗi cewa ba a samu komai ba. Idan kafar labarai ce mai rajista kuma ta ƙi, akwai hukumar sauraron koke-koke da ƙungiyoyin 'yan jarida suka kafa a 2023, akwai kuma kotu. Idan shafi ne marar adireshi marar sunan edita, gano wanda za a kai ƙara ma aiki ne.

Ga ɗan kasuwar da jarinsa amana ce, shari'ar da za ta ɗauki shekaru ba ita za ta dawo da masu ba da kaya a wannan watan ba. Na ga inda kofen gyaran jarida, ko takardar mayar da kaya, da aka kai gaban shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Hausawa ta yi aikin da hukuncin kotu bai yi ba. Kuma ka ja kunnen matasan gidan kada su hau Facebook suna kiran sunan wanda suke zaton shi ya kai tsegumin, domin sai ku koma ku ne ake ƙara.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan bayaninka, jimla ɗaya a jikin warantin ko a cikin labarin tana iya sauya lissafin, don haka wannan amsa ba ta maye gurbin lauyan da zai riƙe takardun a hannunsa ba. Idan kuɗin lauya ya yi nauyi, Ofishin Mai Kare Jama'a na Jihar Legas, wanda aka fi sani da OPD, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya suna karɓar marasa ƙarfi kyauta. Ku tafi da 'yan hayan nan biyu idan sun yarda, domin ta fuskar keta haƙƙi hujjarsu ta fi ta Alhaji ƙarfi, tunda bisa dukkan alamu babu wanda ya rantse a kansu.